Gada Uku Kafin Garin su Kaka

Shekarar da na gama firamare ita ce ta biyu da damina ta yi mana gardama. A ta farko mun samu rabin abin da muka saba samu. A ta biyu gero ya fito, ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, ya tsaya a gona har ya bushe. Kafin bazara ta shigo an share rumbunanmu biyu har ƙasa. Wata rana da hantsi na ga Baba ya taka turmi ya kwanto damin irin da ke rataye a rufin madafa, ya miƙa wa Inna ba tare da ya dube ta ba. Ta sussuke, ta surfa, muka ci tuwonsa kwana huɗu. Duk gidan babu wanda ya tanka sai Kaka.

Kaka mahaifiyar Baba ce, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara. Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin magana, sai dai a lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, abu mai nisa ba ta ganinsa sai inuwa-inuwa.

Ta ce wa Baba, "To, kun cinye. In ruwa ya sauka me za ku shuka, yashi?"

Ya ce, "Iya, Allah zai kawo. Ko a kasuwa sai a nema."

"Na kasuwa ban san uwarsa ba, ban san ubansa ba. Daga kudu ake kawo shi, can da ruwa ke wata biyar. Ka shuka shi nan, sai ya yi maka ganye ya tsaya."

Ranar ta fara maganar geron garinsu. Ta ce ɗan gajere ne, zangarniyarsa ba ta da tsawo, amma kafin sauran gero su yi ciki shi ya nuna. Ta ce ƙanenta na can, kuma in dai yana da rai ba zai rasa shi ba, don ubansu haka ya rene su: a kwana da yunwa amma ba a taɓa iri. Baba ya sunkuyar da kai.

Abin da ya ɗaure mini kai a zancen ba geron ba ne. Cewa ta yi kogin da ke bayan garinmu, inda muke wanki da ɗiban yashi, shi ne dai ya bi ta ƙofar gidan ubanta. Ni ban taɓa tunanin kogin yana da wani wuri ban da namu ba. A ganina daga kwanar giginyu yake farawa, ya ƙare a bayan lambun mai unguwa. Na dame ta da tambaya: da gaske shi ne? Yashinsu irin namu ne? Can ma yana bushewa? Ta ce, "In kina son sani sai ki ɗauki ƙafa ki bi ni."

Haka tafiyar ta faɗo kaina. Baba yana shirin shiga birni neman aikin ƙarfi, ba zai iya raka ta ba, ni kuwa ina karanta allon hanya, kuma idona garau.

Rabon Kaka da garinsu ya fi shekara goma, tun rasuwar mahaifiyarta. Bayan nan aka gina madatsar ruwa a can, aka tashi garin aka mai da shi kan tudu. Tun da ta ji labari ta ƙi zuwa. Cewa take, "In je in ga me? Gari ne aka sa wa sunan garinmu."

Hanya biyu ce. Akwai kwalta da ta zaga ta Ɗambatta, akwai kuma tsohuwar hanyar burji da ta bi gefen kogi, wadda mota ba ta binta sai ranar kasuwar wani gari da ke kusa da madatsar. Baba ya so mu bi kwalta. Kaka ta ce ta kogi ta sani, ta nan aka kawo ta a kan jaki tana amarya, kwana biyu suna tafe.

Motar akori-kura ce mai benci biyu a baya, an ɗaura mata rumfar tamfol. Shekarun nan komai na mota ya yi wuya, tayoyinta duk faci ne, ƙofar direba kuwa da igiya ake ɗaure ta. Direban wani siririn mutum ne mai jan haƙori saboda goro, ba ya son magana biyu. Yawancin fasinjojin fataken dabbobi ne, za su sayen shanu tun da yunwa ta karya farashinsu. Kusa da mu wani dattijo ne ya zauna, sanye da tsohuwar rigar kaki wadda ta koɗe, da ƙatuwar hular kaba a cinyarsa. Daga baya muka ji tsohon leburan hanya ne.

Muna wuce lambun mai unguwa na leƙa ta ƙarƙashin tamfol, sai ga kogi yana nan, ya yi kwana ya ci gaba abinsa. Wani iri na ji, kamar na kama wani ɗan gidanmu yana da wata rayuwa a waje da ba mu sani ba. Babu ɗigon ruwa a cikinsa, farin yashi ne shimfiɗe yana ɗaukar ido. Hanya ta kusance shi, ta rabu da shi, ta shiga tsakanin gonaki, ta sake dawowa. Ƙasarmu ba ta da daji. In ka bar wannan gari kana hango rumbunan na gaba. Gonaki duk an share su an yi kunya-kunya ana jiran ruwa, bishiyoyin gawo kaɗai ne kore, su ma an sassare rassansu an ba awaki. A cikin kogin kuwa mutane ne ko'ina. Nan mata sun zagaye rami suna kwarfar ruwa da ƙoƙo, can masu tubali sun jera aikinsu a rana, gaba kaɗan wani ya kafa jigo a kan ramin da ya fi shi zurfi yana ba ɗan fegin albasa ruwa. Na ga tifa ta shiga har tsakiya ana loda mata yashi. Na ga garken shanu kwance, ƙashin haƙarƙarinsu kamar a ƙirga.

Kaka ba ta gani sosai, amma ba ta bar ni na huta ba.

"Takwara, mun zo wajen wasu ɗorawa uku a jere?"

"Biyu nake gani, Kaka."

"To an sare ɗaya. Nan muka sha fura."

Gadar farko ƙarama ce, a kan wani rafi da ke shiga kogin. Kafin in gama kallonta mun haye. Kaka ta ji ƙarar taya ta sauya, ta tambaya, na gaya mata. Ta ce a nan jakinta ya ƙi shiga ruwa, sai da wani kawunta ya ɗauke ta a kafaɗa. Ta yi tsaki. "Yanzu mutum ya wuce wuri bai ma san ya wuce ba."

Gada ta biyu ta ƙarfe ce, tun ta zamanin Turawa, doguwa, mota ɗaya take ɗauka, an shimfiɗa mata katakai. A nan hanya ke tsallakawa ɗaya gefen kogin. Direba ya rage gudu zai hau, Kaka ta fara dukan jikin mota da tafin hannu.

"Tsaya! Malam direba, tsaya in sauka!"

Ya leƙo. "Lafiya, Iya?"

"Da ƙafata zan haye."

"Iya, kasuwa za mu. Gadar nan manyan motoci ma na bi."

"Ban ce za ta karye ba. So nake in san abin da na taka."

Fatake suka yi ta gunaguni. Dattijon nan mai kaki ya ce shi ma ƙafarsa ta sage, zai taka. Direba ya ja mota ya haye, katakai na ƙara kamar ana sussuka, ya tsaya can yana jiranmu.

Na riƙe hannun Kaka muka hau. Tsakanin katako da katako akwai tsaga, ina hango yashi can ƙasa. Ita kuwa shafa ƙarfen take, tana bin kawunan ƙusoshin da yatsa, manya-manya kamar ƙwallon goriba. Ta tambayi dattijon ko ya san wanda ya ƙera wannan abu.

Ya ce, "Ƙarfen dai a jirgin ƙasa ya zo, ban san inda aka yi shi ba. Amma ƙafafun nan da ke ƙasa, da kaina aka ɗauki simintinsu. Ina saurayi lokacin."

Na ce, "Baba, me ya hana su nutsewa cikin yashi?"

Ya dube ni kamar ya daɗe yana jiran wanda zai tambaye shi. Ya ce abin da ke binne ya fi abin da ke waje tsawo. Sun haƙa sun wuce yashi, sun wuce laka, sai da suka taɓa dutse. Ya ce abin da ya fi wahalar da su ruwa ne, ga shi da rani suka yi aikin: suna haƙa yana ɓuɓɓugowa, mutum ashirin ba su da aiki sai kwarfa. Ya ja mu bakin ƙarfe ya nuna mini wani baƙin layi a jikin ginshiƙi, sama can, kusa da katakai. "Nan ruwa ya kai wata shekara. Har da ragowar bukka ya maƙale a nan." Na dubi layin, na dubi busasshen yashin, na kasa haɗa su. Ƙarƙashin gadar tsuntsaye sun yi sheƙa da laka, ɗaruruwa, suna shiga suna fita. Na yi ta mamakin inda suka samo lakar.

Direba ya danna oda, muka ƙarasa. Da za mu hau ya ce, ba da wasa ba, "Iya, saura ɗaya a gaba. Ita kam a mota za ki haye."

Bayan azahar rana ta yi zafin da ko fatake sun daina ciniki da baki. Hanya ta lalace, yashi ya cinye ta wuri-wuri, mota na nishi. Sau biyu direba ya tsaya ya ɗura wa lagireto ruwa daga jarkarsa. Muna hango gada ta uku, wata mai faɗi ta siminti wadda ba ta da tsayi, sai tururi ya turnuƙe gaban motar, ta yi tari ta mutu. Ya sauko ya girgiza jarka, babu komai. Butocin fasinja ma an yi alwala da su. Wurin kuwa shi ne kaɗai a duk tafiyar da babu gida kusa; rumbunan da muke hangowa sun yi nisa, kuma wani bafatake ya ce ya san garin, rijiyarsu ta ƙafe, su ma daga nesa suke ɗebowa.

Maza suka gangara kogi. Akwai tsofaffin ramuka a tsakiya, suka leƙa su ɗaya bayan ɗaya, duk ƙura. Direba ya dawo ya zauna a inuwar mota ya dafe kai.

Kaka ta ce, "Takwara, kai ni ƙasa."

Na kai ta. Ta cire takalmi, ga yashi kamar garwashi, ta tsaya tana juya fuska. Ta tambaye ni ta ina kogin ya yi kwana, na ce ta hagu. Ta tambaya wane gefe ne gaɓar ta fi tsayi, na ce na waje. "Akwai giyayya a kan gaɓar?" Ban san giyayya ba. Ta kwatanta mini, na ce akwai wata bishiya haka, saiwoyinta sun fito waje. Muka nufi can, tafiya mai ɗan nisa daga gadar. Gindin gaɓar akwai inuwa. Ta ce in duba da kyau, ko akwai ƙudan zuma da ke sauka a yashi. Na durƙusa. Da farko ban ga komai ba, sai can na ga guda uku ko huɗu, suna sauka wuri ɗaya, su daɗe, su tashi. Ta tura hannunta cikin yashin har gwiwar hannu, ta laluba, ta zaro.

"Je ki ce su zo da abin haƙa."

Direba bai so tasowa ba. Dattijon mai kaki ne ya zaro shebur daga ƙarƙashin benci ya biyo ni, sauran suka biyo shi don kada a ce ba su yi komai ba. Shi ya fara haƙa, kuma da ganin yadda yake jefa yashi ka san aikinsa ne. Da ya gaji wani ya karɓa. Rami ya kai gwiwa, yashi fari. Ya kai cinya, ya fara duhu. Wani ya damƙo ya matse a hannu, ya dunƙule bai warware ba. Daga nan babu mai gunaguni, har rige-rigen shebur ake. Da ya kai ƙugu sai ƙasan ramin ya fara ƙyalli. Kaka ta ce a dakata haka, a ba shi lokaci. Muka zagaye ramin muna kallo, manya da ni, ruwa na tsattsafowa ta gefe a hankali, ya taru, ya kwanta.

Ita aka fara ba a murfin kwano. Ta kurɓa ta ce, "Shi ne." Ni ma na sha. Sanyi ƙarara, da ɗan ɗanɗanon ƙasa.

Na tambaye ta yadda ta sani. Ta ce, "Ruwan kogi ba tafiya yake yi duka ba. Na sama ne ke wucewa, na ƙasa yana nan yana bin hanyarsa. Mu da muka tashi a bakin kogi, aikin 'yan mata ne wannan."

Aka cika jarka da butoci, aka jira inji ya huce. Da za mu tashi direba ya kwance igiyar ƙofa, ya saukar da bafataken da ke gaba, ya ce, "Iya, nan za ki zauna." Ta ce sai da jikarta. Haka na shiga gaban mota karo na farko a rayuwata, a matse tsakaninta da ƙofa. Da muka zo kan gadar siminti, shi da kansa ya taka birki ya ce, "Ko za a sauka?" Ta ce, "Wuce, wannan na ga ƙarƙashinta."

La'asar sakaliya hanya ta fara hawa, ta hau wani dogon tudu da aka jera wa duwatsu, miƙaƙƙe kamar an ja zare. Na karanta mata allon da ke bakinsa, na ce madatsar ce. Da muka kai sama na dubi hagu, sai ga ruwa. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba. Direba ya ce ai wannan ba komai ba ne, ya janye ya fi rabi, in dubi inda duwatsu suka sauya launi. A dama kuwa, ƙasa can, ga kogin namu ya fito daga gindin tudun, siriri, busasshe. Wato nan aka tsare shi.

Kaka ta ce, "Gaya mini."

Na ce ruwa ne har inda ido ya tsaya, da kwalekwale biyu, da fararen balbelu a gefe, da wasu baƙaƙen itatuwa tsaye cikin laka babu ganye.

"Akwai wani dutse mai kamar tozon sa?"

"Akwai, can gaba."

"Ruwa ya kai gare shi?"

"A'a, laka ce kewaye da shi. Kamar ma da shuka."

Gaba kaɗan muka sauka.

Sabon garin layi-layi ne, tituna a miƙe, babu babbar bishiya ko ɗaya sai 'yan darbejiya da aka kewaye da ƙaya. Muka yi tambaya aka nuna mana gidan. A ƙofar gida wani tsoho mai farin gemu yana zaune a kan tabarma, ya baza raga a ƙafafunsa yana ɗinki. Kaka ta tsaya a kansa ta ce, "Auta." Dariya ta kusa ƙwace mini, don ban taɓa ganin auta mai furfura ba. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Yaya?" Ya yunƙura zai tashi ragar ta harɗe shi.

Ba su rungumi juna ba, ba su yi kuka ba. Gaisuwa suka yi doguwa, ta tambayi wane da wane, yana cewa ya rasu, ta rasu, yana nan, ya koma birni. Sai ta laluba ragar da ƙafa.

"Wannan fa?"

"Su nake yi, Yaya, kamun kifi."

"Kai? Kai da in za a yi maka wanka sai an kama ka kamar ɗan akuya?"

Ya ce gonar da aka ba shi a tudu tsakuwa ce, ruwa kuma ya zo har ƙofa, ya zai yi? Ya juyo gare ni ya ce, "Wannan ce amaryar da aka kawo mini? Ai ta yi rama." Da kifi aka yi mana miya ranar, na ci har na ji kunya.

Washegari da sassafe ya ce, "Yaya, garin fa ya fito. Bana ruwa ya sake shi. Za ki gani?" Na zaci za ta ƙi. Ta ɗauki mayafinta.

Muka gangara, tafiyar kusan awa. Ƙasa ta tsattsage kamar fasassun tukwane, ɓawon katantanwa ko'ina, wuri-wuri kuma inda da sauran danshi mutane sun shuka wake da kankana da dankali, kore shar, abin da rabona da gani tun bara. Ban ga gari ba sai da ya nuna mini. Gidajen ƙasa ne, sun narke, sun zama 'yan tuddai marasa tsayi. Ga kututturen wata ƙatuwar kuka ya ruɓe ya zube ciki. Ga bakin rijiya na dutse, cike da laka. Kowa, in ji shi, filin tsohon gidansu ya koma ya shuka, babu wanda ya raba musu, babu wanda ya yi faɗa.

Ya tsaya a wani fegin wake ya ce, "Ga gidanmu. Nan zaure, can ɗakin innarmu."

Kaka ta ce, "Ba nan ba ne."

"Yaya, ni na fita daga gidan nan da kaya a kai."

"Ka fita, amma ba kai ke ɗebo ruwa ba. Takwara, mai da ni bakin rijiya."

Na mai da ita. Ta juya wa dutsen mai tozo baya, ta cire takalmi, ta ɗora hannu ɗaya a ka kamar mai tallabe tulu, ta fara tafiya. Ba ta bar ni na riƙe ta ba. Ta yi gaba, ta karkata dama inda babu abin da za a kauce wa, ta ɗan sunkuya kamar mai shiga ƙofa, ta ƙara taku kaɗan ta tsaya, nesa da inda ya nuna da kamar tsawon ɗaki biyu.

"Nan nake sauke tulu. Murhu na hannun hagu. Tona."

Yana dariya ya sa fartanya. Sara na huɗu ta yi ƙara. Ya durƙusa ya yaye laka da hannu, sai ga dutse, ga na biyu, ga na uku. Da ya kankare gefen ɗaya, baƙin hayaƙi na nan.

Ya ce, "Ashe a gidan maƙwabta na shuka wakena."

Ta zauna a ƙasa kusa da duwatsun, ta miƙe ƙafa. Na jira in ga hawaye, ban gani ba. Nuna mini take: nan turmi, nan akurkin kaji, can inda aka haifi Auta ranar da aka yi ƙanƙara. Tambaya take yi masa ita ma, ina gidan maƙera, ina hanyar mashaya, kifi na shiga ɗakuna ne da ruwa ya rufe? Ya ce a kan garin ma ya fi samun kamu, tarwaɗa na son kango. Ta riƙe baki.

Daga can ya kai mu inda aka kewaye da ƙaya, wurin da babu wanda ya shuka komai. Maƙabarta ce. Mu muka tsaya daga nesa, shi ya ƙarasa ya ɗaga hannu. A nan ne kaɗai na ji hannunta ya yi nauyi a kafaɗata.

A hanyar komawa na tambaye shi ko nan ne farkon kogin. Ya ce ina, yana can gaba, ya shigo ta ɗaya bakin ruwan, shi ma bai taɓa zuwa ba. Wani makiyayi ya gaya masa wai ɗan kwari ne a bayan gonar wani, akuya ma na tsallake shi. Na ce ban yarda ba. Ya ce shi ma bai gama yarda ba.

Kwana biyu Kaka ba ta ta da maganar da ta kawo mu ba, har na fara tsoron ta manta. Rana ta uku da safe ya shiga ɗakinsa ya fito da wani ƙaramin tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Ya fasa liƙin, ya zazzage a faifai. Gero ne gauraye da toka, ƙananan ƙwayoyi masu duhu.

Ya ce, "Tun da na gan ki da bazara na san ba kifi kika zo ci ba."

Ya sa gefen hannu ya raba biyu, ya ƙara turo wani daga nasa. Ta ce ya bar wa kansa. Ya ce gonarsa ba ta cin ko rabin wannan. Ta ƙulle shi a tsumma biyu, ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane, ko ni ba ta ba riƙo ba.

Ta kwalta muka dawo, don motar kogi sai wani mako. Kafin azahar muna gida. Kaka ta yi barci tun daga tasha.

Ruwan farko da ya sauka, gari duk ya fita shuka, Baba ma, da ya riga ya dawo daga birni, ya ɗauki sungumi. Kaka ta hana. Ta ce wannan na yaudara ne, kuma ba ta da wani ƙanen da za ta sake zuwa wurinsa. Suka yi kwana biyu ba sa doguwar magana. Sai da aka yi na biyu mai ƙarfi ta kwance ƙullin. Bai isa gonar duka ba, gefen da ya fi kwari muka shuka, sauran Baba ya sa dawa da abin da ya samo a kasuwa.

Daminar ita ma ba ta cika ba, amma geron ya yi abin da aka ce zai yi. Sai dai akwai abin da babu wanda ya tuna: da ya riga kowa nuna, tsuntsayen yankin kaf gonarmu suka sani. Baba ya kafa mini rumfa a tsakiya, ya ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Daga fitowar rana har faɗuwarta ina ja ina ihu, mako uku, muryata ta dushe. Kaka na zaune a gindin rumfar da tsohon kwano da muciya, ba ta ganin tsuntsayen, sai in ce "gabas!" ta juya gabas ta hau duka. Duk da haka sun ci nasu.

Abin da ya rage ya riƙe mu har dawa ta iso. Ranar da aka karyo zangarniyar farko Inna ta gasa tumu, aka aika gidaje huɗu na maƙwabta, don yaransu sun daɗe suna leƙen gonar. Kaka ba ta da haƙoran tumu. Na murje mata a tafin hannu, na hure, na daka a ƙaramin turmi, ta ci da ɗan gishiri, ta ce an bar shi ya ɗan ƙone.